Ɗan Aike Tsakanin Oba-oba da Intanet

Duk wanda ya tashi a cikin garin Daura ya san aike. Uwargida tana tsakar gida, tana son magana ta kai ga ƙanwarta a wata unguwa, sai ta kira yaro ta faɗa masa, ya bi ta zaure ya fita, ya kai, ya dawo da amsa. In la'asar ta yi amsa ba ta zo ba, mace mai hankali ba ta fara da cewa ƙanwar tata fushi take yi da ita. Tambaya take yi bi da bi. Yaron nan ya ji abin da na ce kuwa? Ya ma fita, ko yana zaure yana wasa? Ya gane gidan? An ba shi amsa ya mance, ko wani yaron aka aiko ya rasa ƙofarmu? Kowace tambaya da inda za a je a duba, kuma da na kusa ake farawa.

Haka nake so matasanmu masu sha'awar haɗa rediyon oba-oba da intanet su riƙa bin aikinsu idan ya ƙi, domin abin da suke haɗawa ɗan aike ne, ba wani abu ba. Ƙaramar kwamfuta ce, yawanci Raspberry Pi, wadda aka fara sayarwa a Ingila a 2012, girmanta bai wuce tafin hannu ba. Ana jona mata ɗan katin sauti, a jona wa katin rediyo guda, ita kuma a ba ta intanet. Kai kana tsakar gida ko bakin titi da wata rediyon a hannu. Ka matsa ka yi magana, rediyon da ke ɗaki ta ji, kwamfutar ta ɗauki muryar ta tura ta intanet, wata tasha irinta a Legas ko Landan ko Tokiyo ta sake ta a iska, wani ya ji ka ya amsa. Rediyon hannu a fili irin namu, mai shimfiɗe ba tudu, 'yan kilomitoci take kaiwa. Daga Daura ba za ta je Katsina ba, balle Kano. Da tashar haɗi irin wannan kuwa, nisa ya daina zama magana.

Abin ba sabo ba ne. Wani mutumin Kanada, David Cameron, mai lambar kira VE7LTD, ya fara tsarin IRLP na haɗa rediyo da intanet a 1997. Jonathan Taylor, K1RFD, ya fito da EchoLink a Amurka a 2002. Jim Dixon, WB6NIL, shi ya ɗora aikin rediyo a kan manhajar tarho ta Asterisk, daga nan AllStarLink ta samo asali. Duk waɗannan mutane sun yi aikinsu a wuraren da wuta ke kwana ta wuni, intanet kuma ta waya take shigowa gida. Littattafan koyarwa da hotunan bidiyon da yaranmu ke kallo daga can suka fito. Shi ya sa yaro a Daura zai bi umarni layi bayan layi, bai tsallake ko ɗaya ba, abu ya ƙi, sai ya ɗauka shi ne bai iya ba. Wannan ne yake min ciwo. Sau da yawa laifin ba nasa ba ne, ba kuma na manhaja ba. Hanyar da ɗan aikensa zai bi ce ta bambanta da wadda aka rubuta.

Kafin komai, ɗan aike sai an san ɗan gidan wane ne. Rediyon masu sha'awa aiki ne na lasisi a duk duniya, ba a ciniki a kai, ba a sa kiɗa, ba a ɓoye magana, kuma mutum yana ambaton lambar kiransa. Lambobin Nijeriya da 5N suke farawa, na Nijar da 5U. EchoLink ba ta buɗe wa kowa sai ta ga shaidar lasisinsa ta tantance, AllStarLink ma sai da lambar kira take ba da lambar tasha. Zangon da aka ware wa masu sha'awa a yankinmu na duniya, wato Afirka da Turai, shi ne megahaz 144 zuwa 146, da kuma 430 zuwa 440. Rediyon Baofeng da ake saye a kasuwa tana zuwa da tashoshin da aka saita mata tun daga masana'anta, kuma galibinsu ba sa cikin wannan zango, sai an sake saita su. A jiha irin Katsina, da halin tsaron da ake ciki, kuma a masarautar da ke kan iyaka, wanda ya yi yawo da oba-oba ba takarda ya sayo wa kansa tambayoyin da ba zai ji daɗin amsawa ba. A nemi takarda tukuna. Akwai ƙungiyar masu wannan sha'awa ta ƙasa, NARS, ta nan ake neman jagora.

To, an samu lasisi, an haɗa kaya, an kunna. Shiru. Ina za a fara?

Da cikin yaron. Wanda bai karya kumallo ba, ba a tura shi Mai'adua a ƙafa. Na ga wannan da idona a wurin ɗan 'yar'uwata, wanda ya haɗa tasa tashar a kan teburin karatu, da cajar waya da wata siririyar igiya da ya tsinto a aljihun tebur. Tashar takan tashi lafiya, ta faɗi lambarta, amma da zarar ta buɗe baki za ta watsa magana sai komai ya tsaya cak. Ya riga ya goge katin memori ya sake zuba manhaja, ya canja saiti nan da can, ya gaji.

"Kawu, manhajar nan ce ba ta da kyau," in ji shi.

Muka ɗauki kayan muka kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo. Bai ko kalli allon kwamfuta ba. Mitarsa ya jawo, mai tsinke ja da baƙi, ya ɗora a kan ƙafafun wuta na Raspberry ɗin, ya ce, "Matsa mata, ɗana." Lambar da ke kan mita tana kusa da 5. Yaron ya matsa, rediyon ɗaki ta kama, sai lambar ta zube ƙasa da 4.6, jar fitilar da ke jikin kwamfutar ta yi ƙifta ta mutu. Dattijon ya zare igiyar, ya murza ta tsakanin yatsunsa, ya ce, "Wannan ai zare ne, ba waya ba. Ka ba ta abinci ta ƙoshi, sannan ka zo mu yi maganar manhaja."

Gaskiyarsa. Raspberry Pi 3 tana son bolt 5 cif da caja mai ƙarfin amfiya 2.5, kuma da wuta ta sauka ƙasa da 4.63 take fara ƙorafi. Siririyar igiya tana shanye wuta a hanya ko da cajar mai kyau ce. In aka ce rediyo ma daga nan za ta sha, ai an raba abincin mutum ɗaya gida biyu. Caja mai araha kuma tana da wata illar: ƙara take zubawa a cikin sauti, wani zuuu da ke bin murya, wanda na can nesa zai ji, kai ba ka ji. Sai babbar matsalar, ɗauke wuta. Kwamfutar tana cikin rubutu a katin memori aka ɗauke, katin na iya lalacewa, gobe a kunna ta ƙi tashi. Shawarata ga duk mai tasha a ƙasar Daura ita ce kada ya ɗora ta kai tsaye a kan wutar gari ko janareta. Batirin sola mai bolt 12, da ɗan abin rage wuta zuwa 5 mai inganci, da gajeriyar igiya mai kauri. Rana dai muna da ita. Sannan a sayi katin memori na biyu, a kwafe na farkon a ranar da komai ke aiki, a sa a ambulan a ajiye.

Yaro ya ƙoshi, saura kunne. A nan masu farawa ke yawan ruɗewa, domin ji iri biyu ne. Akwai sautin kansa, akwai kuma alamar da ke gaya wa kwamfuta cewa yanzu wani yana magana, wadda ake kira COS. Ƙananan rediyoyi irin BF-888S ba su fito da wannan waya waje ba, sai an buɗe an yi mata walda a ciki. Wasu rediyoyin in magana ta shigo wutar wayar hawa take yi, wasu kuma sauka. In aka gaya wa manhaja akasin haka, sai tashar ta ɗauka ana magana alhali shiru ne, ta yi ta tura iska har wa'adin da aka sa mata ya cika, yawanci minti 3, ta katse. Idan kuma ka yi maganar gaske, ta ɗauka ka yi shiru. Yaro ne da ke tashi da gudu tun ba a ba shi saƙo ba, ana fara faɗa masa kuma ya zauna. Kalma guda ake juyawa a saiti, ta warke. A AllStarLink akwai allon daidaita katin sauti da ke nuna alamar tana kamawa tana saki. Ka matsa rediyonka kana kallo. In ba ta motsa ba, kada ka taɓa intanet, matsalar ba ta kai can ba.

Akwai kuma siririn sautin da kunne bai cika ji ba, CTCSS, wanda yake daga haz 67 zuwa sama da 250. In an sa wa tasha 88.5, rediyon hannunka kuma tana aika 100, ko ba ta aika komai, tashar ba za ta kula ka ba ko kana gabanta. Haka faɗin zango: ɗaya a kan mai faɗi, ɗaya a kan matsattse, murya ta fito can ƙasa ko ta fito a farfashe. Kuma a daina tsayawa a kan tasha ana danna mata wat 5. Ihu ne a kunne. A rage wuta, a koma tsakar gida a gwada. Eriyar tashar ma a nisanta ta daga kwamfutar, domin ƙarfin watsawa yana shiga igiyar katin sauti ya sa katin ya ɓace wa kwamfuta. 'Yan zobban baƙin ƙarfen nan da ake gani a jikin tsofaffin igiyoyin kwamfuta, amfaninsu ke nan, a ciro a maƙala.

Uwargida mai dabara takan ce wa yaro, "Maimaita mini abin da na ce." Masu tsarin nan ma sun tanadi haka. A EchoLink akwai tashar gwaji mai lamba 9999, ka yi magana ta naɗa ta mayar maka. AllStarLink ma tana da tashoshin aku masu wannan aiki. Mutum ya ji muryarsa yadda na nesa zai ji ta, ya rage ko ya ƙara. Yawanci ragewa ake bukata. Sauti in ya yi yawa, ba murya kaɗai ke lalacewa ba, har lambobin da ake dannawa a ba tasha umarni sai ta kasa ganewa. Ka danna tauraro da 3 da lambar tashar da kake so, ta yi kamar ba da ita kake ba. Sai ka yi ta zargin hanya, alhali yaron ne ka cika wa kunne.

Yanzu mun iso zaure, inda na fi so a tsaya, domin nan ne bambancinmu da masu rubuta littattafan ya fi girma.

Gidan gandu yana da ɗakuna da yawa, ƙofar waje guda. Yaron da aka aika daga ciki ya san ɗakin da ya fito, in ya dawo da amsa ba ya ɓata. Baƙo kuwa da ya zo daga waje, iyakarsa zaure. Ya yi sallama, sai in akwai wanda ya san wurin wa ya zo, ya shiga ya faɗa. Na'urar rarraba intanet ta gida, rauta, haka take. Waya da kwamfuta da tasha duk suna ciki, adireshi ɗaya duniya ke gani. Abin da ya fita daga ciki, amsarsa na dawowa. Abin da ya zo daga waje ba a aika an kira shi ba, ana sallamarsa a ƙofa. Saboda haka littafi yake cewa ka shiga rauta ka bar sallahu: duk wanda ya zo ta ƙofa mai lamba 4569, a kai shi ɗakin tasha, in AllStarLink ce. In EchoLink ce, ƙofa ta 5198 da 5199. Har ila yau ka tsayar wa tashar adireshi guda a cikin gida, don kada yau tana wannan ɗaki gobe ta koma wancan, sallahun ya tashi a banza.

Umarnin daidai ne, amma ga mai gidan da ƙofarsa ke kallon titi. Mu a Daura da Zango da Baure da Sandamu, intanet ɗinmu ta layin waya take zuwa, ko a waya ko a 'yar na'urar MiFi. Adireshin intanet na tsohon tsari kusan biliyan 4.3 ne kacal, kuma babban rumbunsa na duniya ya ƙare tun Fabrairun 2011. Don haka kamfanonin waya a ko'ina suke tara ɗimbin masu layi a bayan adireshi guda. Ma'ana gidanka yana cikin wani ƙaton gida, zaurenka yana buɗewa ne zuwa wani zauren da ba naka ba, mai tsaronsa bai san ka ba, ba kuma za ka iya bar masa sallahu ba. Ka buɗe ƙofa ta 4569 a rautarka yadda littafi ya ce, baƙon ba zai taɓa isowa ya gan ta ba, an tsayar da shi tun a babbar ƙofa. Ko Starlink da ta fara aiki a Nijeriya a farkon 2023, a tsarinta na gida haka take yi.

Alamarsa ba ta da wuyar ganewa. Kai kana iya kiran tashoshin wasu, wasu ba sa iya kiran taka. A EchoLink ma ya fi muni, sunanka yana fitowa a jerin waɗanda ke kan layi, amma haɗi ya ƙi kamawa, ko ya kama ba murya. In kana son tabbaci, shiga rauta ka dubi adireshin da aka ba ta daga waje. In ya fara da 10, ko da 100 mai biye da lamba tsakanin 64 da 127, ko kuwa ya saɓa da adireshin da shafukan duba adireshi ke nuna maka, to kana cikin gidan wani. Daga nan ka daina wahalar da rauta, ba ta da abin da za ta yi maka.

Mafita tana nan cikin al'adar aike. Wanda baƙo ba ya iya isa wurinsa, shi yake aikawa. Ga mai farawa da AllStarLink, wannan ya wadatar: ka saita tasharka ta riƙa fita da kanta tana haɗuwa da wata babbar tasha inda ake taruwa, ta zauna a haɗe, duk mai nemanka ya same ka a can. EchoLink tana da kwamfutocin wakilci na jama'a da ake bi ta cikinsu. Mai son a riƙa kiransa kai tsaye kuwa, sai ya kama hayar ƙaramar kwamfuta a intanet mai adireshinta na kanta, ya ja rami tsakaninta da tasharsa da manhaja irin WireGuard. Ya zama ya sami shago a bakin titi, baƙi suna sauka a can, ana shigo masa da su ta hanyar da shi ya buɗe daga ciki. Kuɗin wata ne kaɗan, amma da dala ake biya, kuma ba kowane ɗalibi ke da katin da zai biya ba. A ganina wannan aikin taro ne. A gari irin Daura mai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri bai kamata kowane yaro ya yi ta fama shi kaɗai ba. Shago ɗaya ya ishi tasha goma.

Ƙananan abubuwa biyu a gurguje. Raspberry Pi kafin ta biyar ba ta da agogon da ke tafiya in an kashe ta, daga intanet take tambayar lokaci. In ta riga MiFi tashi bayan an kawo wuta, takan farka da tsohon kwanan wata, rajistar tashar a intanet ta ƙi shiga har sai agogon ya daidaita. A ba ta 'yan mintoci kafin a fara tone-tone. Sai zafi. A watan Afrilu, ɗaki mai rufin kwano a Daura ya isa ya gasa rediyon hannu, wadda ba a yi ta don doguwar watsawa ba, ga shi a tasha takan yi minti da minti tana magana ba hutu. A sa ta a ƙaramin ƙarfi, a ɗora mata 'yar fanka, a riƙa busa ƙurar hunturu. Da hadari ya haɗo a damina kuma, a zare igiyar eriyar da ke kan rufi.

Abin da ya fi ɓata wa masu farawa lokaci shi ne canja abu biyar a zama guda. Ya sauya caja, ya juya saitin kunne, ya ƙara sauti, ya canja layi, ya sake zuba manhaja. In ta tashi bai san me ya tashe ta ba, in ta ƙi bai san me ya ƙara ɓatawa ba. Uwargida ba ta tura yara biyar hanya biyar neman yaro guda, domin kafin magariba tana neman shida. A sami littafin rubutu. Abu ɗaya, a gwada, a rubuta, sannan na gaba. Kuma in za a nemi taimakon wanda ya fi sani, a je da bayani: mita ta nuna kaza, alamar kunne tana motsi, tashar aku ta mayar da murya, ina fita amma ba a shigo mini. Mai irin wannan bayani ana warware masa a 'yan mintoci. Wanda ya ce "ta ƙi yi" kawai, ba wanda ya san ta inda zai kama.

Dole kuma a san iyakar ɗan aiken. A Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda tsaro, irin su Jibiya da Batsari da Safana da Funtuwa. A Maris ɗin 2024 wayoyin ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama har da Nijeriya. A irin wannan rana tashar haɗi ba ta wuce zaure, komai kyan saitinta. Abin da ke saura shi ne rediyo da rediyo, iska kawai a tsakani. Don haka wanda tasharsa ta fara aiki, kada ya tsaya nan. Ya ɗaga eriya a kan dogon ƙarfe, ya sami abokinsa mai lasisi ya hau babur da rediyon hannu ya bi hanyar Sandamu, wata rana ta Zango, wata rana ta Mai'adua, yana kira a kowane ƙauye, na gida yana rubuta inda murya ke fita tas, da inda ta fara karyewa, da inda ta ɓace.